Idan kmalloc Ya Dawo da NULL: Jagorar Tunkarar Gazawar Rabon Memori a Kanel na Linux

Mai rubuta manhajar yau da kullum ba kasafai yake ganin `malloc`, aikin neman memori, ya gaza ba, domin Linux yakan yi wa manhaja alkawarin memorin da bai ware ba tukuna, sai ranar da ta taɓa shafin sannan a nemo mata na gaske. A cikin kanel, wato zuciyar Linux da ke kula da memori da na'urori, babu wannan gatan. Idan ka kira `kmalloc`, takwaransa na cikin kanel, ko dai ya ba ka adireshin memori na haƙiƙa nan take, ko ya dawo maka da NULL, wato adireshin da ba ya nuna komai. Idan ka rubuta a kan NULL ɗin, kanel zai kashe aikin da ke gudana a lokacin, kuma in an yi rashin sa'a yana riƙe da makulli (abin da ke hana ayyuka biyu taɓa abu guda a lokaci ɗaya), makullin ya tafi da shi ke nan, duk mai jiran sa zai tsaya cak har sai an sake kunna injin.

Saboda haka tambayar da ya kamata ka amsa kafin ka rubuta kowane kira ita ce: idan aka ce mini babu, me zan yi? Amsar ce za ta zaɓar maka aikin da za ka kira, da tutar GFP (alamar da ke faɗa wa kanel yadda zai nemo memorin) da za ka ba shi, da ma wurin da za ka ajiye kiran a cikin lambarka.

Yadda memori ke ƙarewa alhali akwai saura

Kanel yana raba memori shafi-shafi, kuma a kan x86-64 kowane shafi KiB 4 ne. Mai rabon shafukan yana ajiye waɗanda ba kowa a kansu cikin jerin gungu-gungu da ake kira oda. Oda 0 shafi ɗaya ne, oda 1 shafi biyu maƙwabtan juna, oda 3 shafi takwas wato KiB 32, har zuwa oda 10 wadda take shafi 1024, wato MiB 4. Gungu kuma dole ne shafukansa su kasance a jere a cikin RAM ɗin kansa.

A nan matsalar take. Injin da ya daɗe yana aiki, shafukansa na banza sukan warwatsu, ɗaya nan ɗaya can, tsakaninsu kuma akwai shafukan da kanel ba zai iya ɗagawa ba. Kamar filin ajiye motoci ne da ke da gurabe hamsin a warwatse, ga shi kana neman inda doguwar mota za ta tsaya. Duba `/proc/buddyinfo`. A ce ka ga layi irin wannan:

```
Node 0, zone Normal  9120 4410 812 37 2 0 0 0 0 0 0
```

Lambar farko yawan gungun oda 0 ce, ta biyu oda 1, haka har ƙarshe. Idan ka haɗa su za ka samu kusan MiB 84 a sake, amma babu ko gungu ɗaya na oda 5. Wanda ya nemi KiB 128 a jere daga wannan yanki na `Normal` ba zai samu kai tsaye ba.

Kafin kanel ya ce babu, yana da matakai. Kowane yanki na memori yana da alamomin ruwa uku, `min` da `low` da `high`, ana ganin su a `/proc/zoneinfo`. Idan shafukan banza suka yi ƙasa da `low`, sai a tada zaren kanel mai suna `kswapd` ya kama kwato memori a bayan fage har a kai `high`. Idan aka gangaro `min`, mai neman da kansa ake sa shi ya tsaya ya kwato: ya zubar da shafukan fayil masu tsabta, ya tura wasu zuwa swap (wurin ajiyarsu a faifai), ya matsa wa ma'ajiyoyin wucin gadi su rage kaya. Idan babbar oda ce, sai a gwada tattara shafuka, a kwashe masu ɗaguwa gefe guda don a buɗe fili. Mataki na ƙarshe shi ne mai kisan OOM (ƙarewar memori), wanda yake zaɓar wani aiki ya kashe don a samu sarari. Tutar da ka bayar ita ke faɗin iya inda aka yarda a kai a cikin waɗannan matakai.

Mataki na farko: karanta saƙon da kyau

Idan rabo ya gaza, `dmesg`, mai nuna saƙonnin kanel, yakan nuna layi mai kama da wannan, a biyo shi da jerin kiraye-kirayen da suka kawo nan da kuma bayanin memori:

```
kworker/2:1: page allocation failure: order:5, mode:0x40dc0(GFP_KERNEL|__GFP_COMP|__GFP_ZERO)
```

Abu biyu za ka fara kallo, oda da tuta. Oda 4 zuwa sama tare da `GFP_KERNEL`, galibi warwatsuwa ce, kuma laifin na mai nema ne da ya nemi babban gungu. Oda 0 tare da `GFP_ATOMIC` labari ne daban: ajiyar gaggawa ce ta ƙare kafin `kswapd` ya cike ta, abin da aka fi gani lokacin da fakitin sadarwa suka yi ambaliya. Sannan ka duba yankin. Na'urar da ba ta iya kaiwa sama da GiB 4 tana cin abinci ne daga yankin DMA32 da ƙaramin yankin DMA kaɗai, don haka tana iya rasa memori ko da yankin Normal yana da yalwa. A injin da ke da kumburin NUMA (rukunin firosesa da memorin da ke kusa da shi) fiye da ɗaya, duba ko an ɗaure neman a kumburi guda.

Akwai kuma gazawar da ba ta da alaƙa da yawan RAM ko kaɗan. Rabon da ke ɗauke da `__GFP_ACCOUNT` ana lissafa shi a kan cgroup, wato rukunin da aikin da ya nema yake ciki, kuma idan rukunin ya kai `memory.max` ana iya hana shi. Fayil ɗin `memory.events` na rukunin zai nuna maka hakan.

Mataki na biyu: zaɓi tutar da ta dace da inda kake

`GFP_KERNEL` ita ce ta yau da gobe. Tana iya barci, wato ta dakata ta jira, tana iya kwato memori, tana iya kiran mai kisa. Amfani da ita ya halatta ne kawai inda barci ya halatta. Cikin mai amsa katsewa (interrupt, siginar da na'ura ke aiko wa firosesa), ko riƙe da makullin spinlock, ko tsakanin `rcu_read_lock` da `rcu_read_unlock`, haramun ce. Kunna `CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP` a kanel ɗin gwajinka, zai kama ka tun ranar farko ko da memori bai yi ƙaranci ba.

A wuraren da ba a barci, zaɓi biyu ne. `GFP_NOWAIT` tana ɗaukar abin da ke hannu, in babu ta dawo nan da nan. `GFP_ATOMIC` ita ma ba ta barci, amma an yarda ta ci wani ɓangare na ajiyar da ke ƙasa da `min`. Mutane da yawa suna zuba `GFP_ATOMIC` duk inda suka ga makulli, kuma wannan ɗabi'a ce mara kyau. Ajiyar ta kowa ce, kuma ƙarama ce. Idan kana da hanyar kauce wa, misali ka jinkirta aikin zuwa workqueue (layin ayyukan da zaren kanel ke yi daga baya), yi amfani da `GFP_NOWAIT` ka bar ajiyar ga wanda ba shi da mafita.

Sai tutocin da ke daidaita naci. `__GFP_NORETRY` tana cewa a gwada kwato sau ɗaya mara tsanani, kada a kashe kowa. `__GFP_RETRY_MAYFAIL`, wadda ta maye gurbin `__GFP_REPEAT` a Linux 4.13, tana cewa a dage sosai amma a ƙarshe a dawo da NULL maimakon a kira mai kisa. `__GFP_NOWARN` tana rufe bakin saƙon gazawa, kuma wurinta shi ne inda kake da hanya ta biyu a shirye. Sa ta don kawai `dmesg` ya yi tsit ɓoye cuta ne.

Wani abu da ke ruɗar sababbi: iyakar da ake kira `PAGE_ALLOC_COSTLY_ORDER` ita ce 3. Neman `GFP_KERNEL` na oda 3 ko ƙasa, a aikace kanel yakan yi ta zagaye yana kwato yana kisa har ya samu, shi ya sa wasu suke ganin duba NULL a ƙananan rabo ɓata lokaci ne. Ba alkawari ba ne, hali ne kawai na yadda aka rubuta mai rabon. Idan aikinka ne mai kisan ya zaɓa, ƙaramin rabo ma yana iya dawowa da NULL. Duba kowane ɗaya.

Mataki na uku: rage abin da kake nema

Mafi yawan gazawar manyan oda ana maganinsu ne ta hanyar daina neman shafuka a jere. Tambayi kanka ko na'ura ce za ta karanta memorin kai tsaye, ko kuwa lambarka ce kawai. Idan lambarka ce, `kvmalloc` ya wadatar. Tun Linux 4.12 yake nan: yana fara gwada `kmalloc` ba tare da naci ba, in ya gaza ya koma `vmalloc`, wanda ke tsinto shafuka ɗai-ɗai ya jera su a adireshin kama-da-wane. Da `kvfree` ake sakin sa, kada ka kuskura ka ba `kfree`. Kuma kada ka miƙa wannan adireshi ga DMA (inda na'ura ke taɓa memori da kanta) kai tsaye, ga wannan akwai `dma_alloc_coherent` da jerin scatter-gather. Na'urar da lallai sai ta samu babban fili a jere, kamar wasu kyamarori, a ware mata tun lokacin tashin inji ta hanyar CMA, tsarin keɓe fili a jere.

Idan girman abin ba tilas ba ne, sauko da shi mataki-mataki:

```c
for (order = 4; order >= 0; order--) {
	gfp_t gfp = order ? GFP_KERNEL | __GFP_NORETRY | __GFP_NOWARN
			  : GFP_KERNEL;
	page = alloc_pages(gfp, order);
	if (page)
		break;
}
if (!page)
	return -ENOMEM;
```

Lura cewa `order` a nan dole ya zama `int`. In ka sa shi `unsigned`, sharaɗin `>= 0` ba zai taɓa ƙaryatuwa ba. Lura kuma cewa gwajin ƙarshe ne kaɗai aka bari ya dage ya kuma yi ƙara.

Girman da ya fito daga mai amfani ko daga na'ura, kada ka ninka shi da hannunka. `n * size` na iya zarce iyakar lamba ya dawo ƙarami, rabon ya yi nasara, sannan ka rubuta har bayan iyakarsa. Wannan ya fi NULL muni nesa ba kusa ba. Yi amfani da `kmalloc_array` ko `kcalloc` ko `struct_size`, waɗanda ke mayar da zarcewar ta zama gazawa mai tsabta. Ka kuma sa wa girman iyaka tun kafin ka kai ga mai rabo. Sai ka tuna `kmalloc(0, ...)` ba NULL yake dawowa da shi ba, wata alama ce ta musamman, `ZERO_SIZE_PTR`, wadda za ta tsallake `if (!p)` lafiya lau ta fashe a gaba.

Mataki na huɗu: warware abin da ka ɗaura, daga ƙarshe zuwa farko

Salon kanel shi ne `goto` zuwa alamomin da aka jera a juye:

```c
d = kzalloc(sizeof(*d), GFP_KERNEL);
if (!d)
	return -ENOMEM;

d->ring = kcalloc(NA_RING, sizeof(*d->ring), GFP_KERNEL);
if (!d->ring) {
	ret = -ENOMEM;
	goto saki_d;
}

d->task = kthread_run(na_aiki, d, "na_aiki");
if (IS_ERR(d->task)) {
	ret = PTR_ERR(d->task);
	goto saki_ring;
}

ret = na_rajista(d);	/* daga nan wasu na iya ganin d */
if (ret)
	goto tsai_da_task;
return 0;

tsai_da_task:
	kthread_stop(d->task);
saki_ring:
	kfree(d->ring);
saki_d:
	kfree(d);
	return ret;
```

Ka sa wa kowace alama sunan abin da take yi, ba sunan inda aka fito ba, domin idan wani ya cusa sabon rabo a tsakiya gobe, zai san inda nasa zai shiga. Kurakuran da aka fi samu a nan sanannu ne. Na ɗaya, manta sa `ret`, sai aikin ya saki komai ya dawo da sifili, mai kira ya ɗauka an yi nasara. Na biyu, haɗa NULL da `ERR_PTR`: `kmalloc` NULL yake bayarwa, `kthread_run` kuwa lambar kuskure yake naɗewa cikin adireshi, don haka `if (!task)` ba zai taɓa kama shi ba. Karanta kowane aiki ka ga wanne yake bayarwa. Na uku, yin rajistar abu kafin a gama gina shi. Rajista ta zama ta ƙarshe, domin da zarar an yi ta wani na iya riƙe abin, kuma `kfree` ɗinka zai zama saki a ƙarƙashin ƙafarsa.

`krealloc` yana da nasa tarkon. Idan ya gaza, tsohon memorin yana nan bai taɓa shi ba. Wanda ya rubuta `p = krealloc(p, ...)` ya shafe adireshin da NULL, tsohon ya ɓace har abada. Karɓa a wani wuri na wucin gadi, ka duba, sannan ka mayar.

Ba sai ka buga saƙon "memori ya ƙare" da kanka ba, mai rabon ya riga ya yi da cikakken bayani, kuma `checkpatch.pl` zai yi maka tsiya a kai. Dawo da `-ENOMEM` yadda yake, kada ka canza shi zuwa `-EINVAL` a hanya.

A direbobi, `devm_kzalloc` da 'yan uwansa suna rage wannan wahala domin suna sakin kansu idan `probe`, aikin da ke haɗa direba da na'urar, ya gaza ko an cire na'urar. Amma ransu ɗaure yake da na'urar. Idan wata manhaja na iya riƙe fayil ɗin na'urar a buɗe bayan an zare ta, tsarin da fayil ɗin ke amfani da shi yana bukatar ƙidayar masu riƙo, ba `devm` ba.

Inda gazawa ba ta da wurin zuwa

Wasu wuraren ba su da wanda za su mayar wa `-ENOMEM`. Dabara ta farko kuma mafi sauƙi: nemi memorin kafin ka shiga wurin. Yi rabon da `GFP_KERNEL`, sannan ka ɗauki spinlock, ka duba ko wani ya riga ka cusa abin, in ya riga ka sai ka saki naka bayan ka ajiye makullin. `idr_preload` da `xa_reserve` don wannan aka yi su. Haka kuma hanyar rufewa da sakin kaya bai kamata ta nemi memori ba sam. Idan rufe abu yana bukatar ɗan tsari, ware shi tun ranar buɗewa.

Direban katin sadarwa yana da sauƙi guda: an yarda ya yar da fakiti. Idan ya kasa samun sabon wurin karɓa, sai ya yar da fakitin da ya shigo, ya mayar da tsohon wurin cikin zoben wuraren karɓa, ya ƙara ƙidayar waɗanda aka yar. Haɗarin shi ne zoben ya zama fanko gaba ɗaya, domin in babu wurin karɓa babu katsewa, in babu katsewa babu mai sake cikawa, katin ya mutu shiru. Saboda haka a tanadi aikin jinkiri da zai sake gwadawa da `GFP_KERNEL`.

Hanyar rubutu zuwa faifai ta fi tsanani, domin kwato memori da kansa yana bi ta nan: kafin a saki shafi mai datti (wanda aka canza ba a adana ba) sai an rubuta shi, kuma rubutun yana bukatar memori. Maganin shi ne `mempool`. Kana ware adadi mafi ƙanƙanta tun farko da `mempool_create`. `mempool_alloc` yana fara gwada mai rabo na kullum, in ya gaza ya ɗauko daga ajiyar, in ita ma babu ya jira wani ya dawo da nasa. Da tuta mai iya barci ba ya dawowa da NULL. Sharaɗinsa shi ne kowane abin da aka ɗauka zai dawo ba da jimawa ba, ba tare da dogaro da wani sabon rabo ba. Kada ka riƙe ɗaya kana neman na biyu daga tafki guda: idan masu yin haka suka kai yawan ajiyar, kowa na riƙe da ɗaya yana jiran na biyu, an kulle ke nan. Workqueue da ke kan wannan hanya ta samu `WQ_MEM_RECLAIM`, don a ware mata zaren ceto tun da wuri, tunda ƙirƙirar sabon zare ma memori yake ci.

A kan wannan hanyar ne kuma `GFP_NOFS` da `GFP_NOIO` suke da amfani. Idan kana riƙe da makullin tsarin fayil ka nemi memori da `GFP_KERNEL`, kwato na iya zagayowa cikin tsarin fayil ɗin ya nemi makullin da ke hannunka. Hanyar da aka fi so yanzu ita ce ka kewaye yankin da `memalloc_nofs_save` da `memalloc_nofs_restore`, sai duk rabon da ke ciki ya gaji hanin, har da na ayyukan da ba kai ka rubuta ba.

`__GFP_NOFAIL` ita ce ta ƙarshe. Tana zagaye har abada sai ta samu. Ta fi madaukin `while (!p)` da za ka rubuta da hannu, domin aƙalla mai rabon ya san halin da kake ciki. Amma sai a inda barci ya halatta, kuma ga ƙaramin abu. Mai bitar lambarka zai tambaye ka dalilin da ya hana ka ware memorin tun farko, kuma yawanci yana da gaskiya.

Mataki na biyar: tilasta gazawar ka gani da idonka

Hanyar kuskure da ba a taɓa gudanar da ita ba, ɗauke ta a matsayin karyayya. Gina kanel ɗin gwaji da `CONFIG_FAULT_INJECTION`, `CONFIG_FAILSLAB`, `CONFIG_FAIL_PAGE_ALLOC` da `CONFIG_FAULT_INJECTION_DEBUG_FS`, ka haɗa da KASAN, mai kama taɓa memori ba bisa ƙa'ida ba, da `CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK`. A injin kama-da-wane za ka yi wannan.

```
cd /sys/kernel/debug/failslab
echo N   > ignore-gfp-wait
echo Y   > task-filter
echo 10  > probability
echo -1  > times
bash -c 'echo 1 > /proc/self/make-it-fail && exec insmod na.ko'
```

Layin `ignore-gfp-wait` shi ne wanda aka fi mantawa. Asalinsa `Y` ne, ma'ana duk rabon da ke iya barci ana ƙyale shi, sai mutum ya yi gwaji ya ga komai lafiya alhali ba a taɓa `GFP_KERNEL` ko ɗaya ba. `task-filter` kuma yana taƙaita ɓarnar ga aikin da ka yi wa alama, amma idan `probe` ɗinka yana gudana a wani zare daban, alamar ba za ta kai gare shi ba.

Gwajin kashi goma cikin ɗari dogaro ne da sa'a. Wanda ya fi shi tsari shi ne `fail-nth`: manhajar gwajinka ta rubuta 1 a `/proc/thread-self/fail-nth`, ta yi kiran, ta karanta fayil ɗin. Sifili na nufin an jefa gazawar. Sai ta rubuta 2, sannan 3, har ranar da ta karanta lambar da ta fi sifili, alamar kiran ya ƙare kafin a kai wurin. Ta haka kowane rabo a hanyar ya gaza sau ɗaya. Bayan kowane zagaye, `echo scan > /sys/kernel/debug/kmemleak` sannan ka karanta fayil ɗin don ganin abin da aka manta ba a saki ba, KASAN kuma zai kama saki biyu da amfani bayan saki.

Idan injin yana hannunka amma lambar ba taka ba ce

Gazawar `GFP_ATOMIC` mai maimaituwa takan ragu idan aka ɗaga `vm.min_free_kbytes`, ko aka ƙara `vm.watermark_scale_factor`, wanda asalinsa 10 ne, wato kashi 0.1 cikin ɗari na memorin, don `kswapd` ya farka da wuri. A ɗaga kaɗan-kaɗan ana kallon sakamako, domin `min_free_kbytes` mai yawa fiye da kima yana jawo mai kisan OOM alhali memori na zaune. Rubuta 1 a `/proc/sys/vm/compact_memory` yana tattara shafuka nan take, amma sauƙin na ɗan lokaci ne. Idan `SUnreclaim` a `/proc/meminfo` yana ta hawa ba ya sauka, ɗigo ne a cikin kanel, kuma `slabtop` zai nuna maka ma'ajiyar da ke kumbura. A wannan hali kashe manhajoji ba ya dawo da komai, tunda memorin ba a hannunsu yake ba, sai a bi sunan ma'ajiyar zuwa direban da ke cika ta.